Inda Jakata Ta Sauka a Doha

Tun da na dawo daga Doha ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Ɗan'azumi ba. Ina zama sai wani ya jawo benci kusa da ni: "Malam Garba, wai da gaske ne a otal ka kwana?" Ba mai tambayar me na koyo a baje kolin dabbobin da aka tura ni, ba mai tambayar raƙuman Larabawa, otal ɗin kawai suke son ji, suna yi suna ƙunshe dariya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ƙara gishiri wancan ya kai gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Wanda ba ɗan Maigatari ba ne ba zai ga abin dariya a nan ba, sai an yi masa bayani. Mahaifina Alhaji, Allah ya jiƙansa, fatoma ne, wato mai saukar da fataken shanu. Duk jajibirin kasuwa zaurenmu da ɗakunan ƙofar gida cike suke da baƙi, daga Nguru, daga Damagaram, daga garuruwan da har yau ban taka ba. Shi zai karɓi kayansu ya adana, ya ba su tuwo da ruwan wanka, ya tsaya musu a ciniki. Kuma ba ya yarda a cakuɗa sunayen wuraren kwanan baƙo. Masauki, a wurinsa, shi ne inda aka san sunan ubanka. Gidan baƙi na gwamnati ne, na ma'aikata masu zuwa da takarda. Otal kuwa wancan ne na bayan tasha mai jan ƙwan lantarki a ƙofa, inda ake sayar da giya ana kiɗa, in ya zama dole ya ambace shi sai ya ce "can wurin". Ko kalmar mashaya bai yarda a ba 'yan giya ba, ya ce ta shanu ce, su je su nemi tasu. To ɗan wannan mutumin ne aka ce ya kwana a otal.

Ni malamin dabbobi ne a ƙaramar hukuma, furfura ta fito mini ban taɓa wuce Nijar ba. Da sunana ya fito cikin masu tafiya, labari ya riga ni isa Doha. Ina cikin ɗinkin sabuwar riga wayar Haladu ta shigo. Haladu ɗan Malam Idi ne, wani falke daga Nguru da ya yi shekara da shekaru yana sauka a gidanmu. Tare suke zuwa, ni da Haladu tabarma ɗaya muke kwana a zaure muna sauraron hirar manya har barci ya ɗauke mu. Yanzu gadi yake yi a wani dogon bene a Doha, ya daɗe can.

"Ɗan Fatoma! An ce za ka zo garinmu."

"Garinku? Yaushe Larabawa suka ba ka gari?"

"Bar wannan. Wurina za ka sauka."

Na ce masa ai an riga an kama mana ɗakuna, kada ya wahalar da kansa. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. Ya ce tsohonsa na nan da rai a Nguru, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, amma da ya ji zan zo sai da ya sa aka kira masa shi.

"Ka san me ya ce mini? Ya ce mun ci tuwon gidan nan har ba mu san iyaka ba, ko sau ɗaya Alhaji bai taɓa kwana a ƙarƙashin rufinmu ba. Ga ɗansa Allah ya kawo maka har inda kake. In ka bar shi ya kwana a otal, kada ka kira ni ka gaya mini." Ya ja numfashi. "Garba, ni ban iya yi wa tsohon nan ƙarya ba."

Maiɗakina da ta ji labarin sai ta cika mini jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kwalbar man shanu, ta ce a kai wa Haladu, ta san miya ce ba ya samu. Motar hayar da na shiga zuwa Kano ta tsaya a rana a Gumel ana gyaran taya, man shanun ya narke ya sami hanya. Da na buɗe jakar a filin jirgi, sabuwar rigar da na ɗinka don taron ta sha rabin kwalba. Haka na shiga jirgi ina ƙanshin kasuwar Alhamis.

Maƙwabciyata a jirgi wata nas ce 'yar Pankshin, Sista Ladi, tana komawa bakin aiki. A unguwar Mansura take zaune, ta san Doha ciki da waje. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta hana ni cin ɗan ƙyallen goge hannu mai ɗumi da na zaci wani abin ci ne a naɗe. Da hira ta yi hira na gaya mata damuwata game da otal. Ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, ku mutanen can sama kun haɗa komai wuri ɗaya. Mu a wurinmu gidan burkutu daban, otal daban. Gidan burkutu tsakar gidan wata tsohuwa ne, kowa ya san kowa, har sulhu ake yi a can. A Doha kuwa funduƙ suke cewa, manyan malamai ma nan ake sauke su. Ka kwantar da hankalinka."

Amma da na ce ai abokina ma yana so in sauka a ɗakinsu, sai dariyar ta tsaya. Ta ce in dai ɗakin kamfani ne, an hana baƙo kwana, kuma ba da wasa aka hana ba. In aka kai ƙara, aikinsa ne zai tafi, kafil ya sa shi a jirgi. Kafil shi ne wanda ya ɗauko ka aiki, zamanka a ƙasar a hannunsa yake. Daga nan abincin jirgin ya daina yi mini daɗi.

A wurin duba fasfo aka ce in kalli wata 'yar na'ura. Na gyara hula na yi murmushi irin na hoton salla, jami'in ya ce in buɗe ido in daina dariya. Na wuce nan, sai masu duba kaya suka buɗe jakata. Saurayin ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Ba don Sista Ladi ta zo ta yi musu bayani da Larabci cewa kayan miya ne ba, ban san inda za mu ƙare ba. Ya ɗaure ƙullin da kan yatsa biyu yana cewa, "Yalla, yalla," wato in kwashe in yi gaba.

Ina fitowa na ga Haladu. Gemunsa ya yi fari fat, ya rame, yana sanye da kakin gadi, amma tafiyar nan ta Malam Idi tana nan, kafaɗa ɗaya a karkace. Muka rungume juna, na ji ƙwalla ta cika mini ido, ban ɓoye ba. Kafin in ankara ya saɓa jakata. Motar tawagarmu na jira, shugaban tafiya na ɗaga mini hannu, na riƙe hannun jaka ɗaya, Haladu ya riƙe ɗaya.

"Haladu, na san dokar ɗakinku. Ba zan jawo maka ba."

"Na sani. Na roƙa an hana ni." Ya ƙi sakin jakar. "Amma ka tuna yadda Alhaji ke yi. Falken da ya kwana a kara wurin shanunsa, in dai kayansa na ɗakinku, baƙon wa ne?"

Gaskiya ce, haka al'adar take, wanda ya adana kayanka shi ne mai masaukinka. Na sake masa. Haka na isa wani ƙaton otal a West Bay da leda ɗaya a hannu, asawaki da cajar waya a ciki. Wani ma'aikaci mai jar riga ya turo keken ɗaukar kaya mai ƙyalli kamar zinariya, ya duba bayana bai ga komai ba, sai ya karɓi ledar da hannu biyu ya ɗora a kai, ya tura har ƙofar ɗakina. Abokan tafiyata ba su bar ni na huta da wannan ba har muka dawo.

Zan faɗi gaskiya ko da 'yan teburin shayi ba za su so ba: ban ga jan ƙwai ba, ban ji kiɗa ba. Da darduma a ɗakin, da alamar alƙibla a rufi. Gadon ya yi laushi har bayana ya yi ciwo, sanyin na'ura kuma ban san inda ake rage shi ba, da hula da safa na kwana. Kowa na gaishe ni da fara'a, ba wanda ya tambayi daga wane gida na fito. Har na fara cewa a raina Alhaji bai ga irin wannan ba ne. Sai wata rana bayan magariba na fita neman shayi, na shiga lifta na danna can sama inda na ga mutane na zuwa. A bakin wata ƙofa wani ƙato mai baƙar kwat ya ce in kawo fasfo. Na miƙa da alfahari. Ya duba fasfon, ya dubi hulata, sai na ji Hausa tsantsa:

"Baba, ina za ka?"

"Shayi nake nema, ɗana."

"Wallahi Baba nan ba shayi ake sha ba. Zo in raka ka ƙasa."

Kafin ƙofar ta rufe na hango kwalabe a jere har rufi. Ashe "can wurin" yana nan, sama da kaina yake, rufinmu ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki, a gida mai shiga irin wurin nan rufe fuska yake da rawani ya bi ta lungu, a nan kuwa sai ka nuna fasfo da hotonka kafin a bar ka shiga. Yaron ɗan Kaduna ne, ya kai ni har inda ake sayar da shayin, kuɗin kofi ɗaya ya isa in shayar da teburin Ɗan'azumi kaf.

Tun da kayana na wurin Haladu, kullum da safe sai in shiga jirgin Metro zuwa Najma, unguwar su Haladu, in sauya riga kafin in tafi taro. Wahala ce, amma ita ce ta zama daɗin tafiyar. Najma cunkoso ce, shagunan canji da gidajen abinci da mutanen kowace ƙasa. Ɗakinsu na wani tsohon bene, takalma tuli a ƙofa, gadajen ƙarfe hawa biyu, kowa ya kewaye nasa da zani, nan ne gidansa. Jakata kuwa Haladu bai tura ta ƙarƙashin gado ba, a kan gadonsa ya ajiye ta wajen ƙafa, da ita yake kwana a takure.

Babba a ɗakin wani dattijo ne, Muntari, ɗan zangon Kumasi, direba, shi ke dafa musu abinci. Ranar da ya kaɗa miyar kuka da daddawar da na kawo, ya tuƙa tuwon semo, aka zuba ragowar man shanu, aka ci har aka suɗe kwano. Wani yaro ɗan Gusau ya juya fuska bango yana sharce hanci, ya ce yaji ne. Babu yaji a miyar. Bayan abinci su kan sauko da ni shan karak, shayin madara mai kauri da kanumfari da citta a ɗan kofin takarda. Ba benci, ba tebur, a tsaye ake sha, masu mota kuma su danna hon a kawo musu. Na ce wannan ai ba shan shayi ba ne, shan magani ne. Wurin da ya tuna mini gida sosai shi ne majalisar wani Balarabe mai raƙuma da aka kai mu gonarsa. Ɗaki ne a ƙofar gida don baƙi kawai, kamar zaurenmu, sai dai an shimfiɗe shi da kilisai. Ana ta zuba mini gahawa mai ɗaci ina shanyewa don kunya, ashe sai ka girgiza kofin za a daina. Ranar ban runtsa ba.

Duk wannan, Haladu ba shi da walwala. Kullum ƙanwarsa a Nguru sai ta kira ta sa wa tsohon waya a kunne, tambaya ɗaya ce.

"Ya kwana?"

"Kayansa na ɗakina, Baba. Nan yake cin abinci."

"Ba kaya na tambaye ka ba."

Na ji wannan da kunnena. Na ce wa Haladu to in zo in kwana a ɓoye mana, dare ɗaya. Muntari ya girgiza kai, ya ce haris, mai gadin benen, yana zagaya ɗakuna bayan isha, kuma sun ga wanda aka kora saboda ya kwanar da ƙanensa. Haladu na da 'ya'ya a makaranta, ga tsohon, duk a wuyansa. Sai na ce, "To ka ce masa na kwana kawai, wa zai gaya masa?" Kallon da ya yi mini ya sa na yi da-na-sanin buɗe baki.

Tafiya ta zo ƙarshe, saura yini ɗaya, Juma'a, an shirya kai tawagarmu yawon sahara. Muntari ne ya ajiye ludayi ya ce da Hausarsu ta zango:

"Kai, mu duka ba mu da kai. Haris yana zagaye da dare. Mu masu diyutin dare yaushe muke kwana? Ba da safe ba? Malam ya zo ya kwana da mu lokacin da muke kwana, khalas, shi ke nan."

Ya sauka da kofin karak ya sami haris, wani Basudane mai yawan tsaki. Ya dawo ya ce mutumin ya ce shi an ba shi amanar dare, abin da ya faru da rana tsakanin mutum da baƙonsa ba ruwansa, amma kafin la'asar kada ya gan ni.

Na ce wa shugaban tafiya ba ni da lafiyar shiga sahara, wanda ba ƙarya ba ne ƙwarai. Bayan asuba na miƙa katin ɗakin otal, na ɗauki ledata na nufi Najma. Na tarar masu aikin dare sun dawo, an toshe taga da baƙin bargo, ɗakin ya yi duhu kamar tsakar dare alhali rana na fitowa a waje. Haladu ya sauke jakata, ya shimfiɗa sabon zanin gado da ya saya tun kafin in zo, har da ninkin shago a jikinsa. Shi kuma ya shimfiɗa darduma a ƙasa ya yi matashi da hannunsa. Na yi gardama, ya ce in rufe masa baki, a gidansa nake.

Niyyata in rufe ido kawai don ya ji daɗi. Amma sai na ji minshari ta ko'ina, wani na tari, wani na sambatu da Fulatanci, ga warin man zafi da ƙafafun mutanen da suka kwana a tsaye. Rabona da wannan tun zauren Alhaji, kafin ya rasu a raba gida, a mai da zauren shagon caji. Kewar mahaifina ta taso mini har na cusa fuska cikin filo. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, kuma tun da na bar Maigatari ban yi barci irin wannan ba.

Haladu ne ya tashe ni don shirin masallaci. Ya ce ruwan wanka na banɗaki. Na tarar da bokiti da gorar ƙanƙara tana yawo a ciki. A gida mai masauki ɗumama wa baƙo ruwa yake, a can ruwan famfo da zafinsa yake fitowa kamar na shayi, sai an sanyaya. Na fito ina goge kai na same shi zaune a bakin gado da waya a hannu.

"Baba, ya kwana," ya ce. "A kan gadona. Yanzu ya fito daga wanka. Ga shi."

Na karɓa na yi sallama, na ce, "Malam, barka da Juma'a, ya ƙarfin jiki?" An sha gaya mini muryata ta koma ta mahaifina, ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Can ɗaya ɓangaren sai na ji tsohon yana ƙoƙarin tashi zaune.

"Alhaji? Alhaji, kai ne?"

Na dubi Haladu. Ya matso ya raɗa mini cewa wani lokaci tsohon na rikicewa, ya kan manta waɗanda suka rasu. Bai ce in yi komai ba, ido kawai ya zuba mini.

"Na'am, Malam Idi," na ce.

"Allahu Akbar. Yau kai ne a gidanmu? Ka yi ta cewa za ka zo, za ka zo." Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da tari. "Yaron nan ya kula da kai kuwa? Ya ba ka wurin kwana mai kyau?"

"Ya ba ni gadonsa, shi ya kwana a ƙasa."

"To madalla. Madalla. Ka yi haƙuri da gidan namu, Alhaji, bai kai naka ba."

Na ce masa ban taɓa sauka inda ya fi nan ba. Haladu ya tashi ya fita ba takalmi, ya tsaya a baranda ya ba mu baya, kafaɗunsa na girgiza. Muntari ya bi shi da takalman a hannu, don an fara kiran salla.